Tsakanin Gyara Da Algus: Darasi Daga Masu Ɗaukar Hoto A Ƙarƙashin Ruwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan magana ce hoto ya samu darajar da yake da ita a wurinmu. Idan gardama ta tashi kan ko wane ya halarci ɗaurin aure, ko kuwa ruwa ya ci katangar gidan wane, sai a ce a kawo hoto, da an kawo shi magana ta ƙare. To amma a yau wannan daraja tana neman zubewa. Duk wanda yake zaune a unguwa irin tamu ta Herwagana a nan cikin garin Gombe ya san da wuya a yi mako guda ba a yi biki ba, kuma da wuya hotunan bikin su fito ba a ji wata ta riƙe baki ta ce, "Wannan kuwa amaryar ce?" Yarinyar da kowa ya san ta baƙa ce ko wankan tarwaɗa, sai ga ta ta fito fara sol, hancinta ya ƙara tsawo, zanen gadon da ke kumatunta ya ɓace. Idan ka tambayi mai hoton sai ya ce ai gyara kawai ya yi.

Wannan kalma ta "gyara" ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, akwai gyaran hoto na gaskiya wanda babu laifi a cikinsa, akwai kuma wanda sunansa algus, kuma muddin muna kiran su da suna ɗaya, to muna ba mai algus mafaka. Domin a ga iyakar da ke tsakaninsu, ina so mai karatu ya biyo ni wurin mutanen da suka fi kowa buƙatar fitilar kyamara da gyaran kwamfuta, wato masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa. Sana'arsu ba ta yiwuwa sai da gyara, saboda haka tilas ta sa sun daɗe da tantance wanda ya halatta da wanda bai halatta ba.

Abin Da Ruwa Yake Yi Wa Haske

Hasken rana da muke gani fari, a haƙiƙa tarin launuka ne, waɗanda muke gani a jere idan bakan gizo ya fito. Idan hasken ya shiga ruwa, ruwan yakan riƙa shanye launukan ɗaya bayan ɗaya. A teku mai garai-garai, ja ne yake fara tafiya, a zurfin kimanin mita 5 ya kusa ƙarewa. Ruwan goro yakan bi bayansa a wajen mita 10, rawaya kuma a wajen mita 20. Shuɗi ne yake daɗewa yana ratsawa, shi ya sa idan aka ɗauki hoto a can ƙasa ba tare da wata dabara ba, komai yakan fito shuɗi-shuɗi ko kore-kore, kamar an tsoma duniyar a marina. Masu nutso sun tabbatar da cewa idan mutum ya yanke a irin wannan zurfi, jininsa kore mai duhu yake gani, alhali jinin yana nan ja kamar yadda Allah ya halicce shi.

Ka ga ke nan a nan kyamara ba ta yi ƙarya ba, amma kuma ba ta faɗi gaskiyar kifin da ta ɗauka ba. Kifin ja ne, ruwa ne ya tsaya tsakani ya sace jan. Maganin farko da aka samo shi ne mutum ya sauka da nasa hasken. Fitilar walƙiya ta kyamara, wadda masu hoto ke kira filas, tana ɗauke da dukkan launuka, idan ta haska kifi daga kusa sai jansa da rawayarsa su dawo. Sai dai ita ma ruwan ba ya ƙyale ta, domin haskenta zai je ga kifin ya kuma dawo ga kyamara, yana raguwa a tafiya da dawowa. Shi ya sa amfaninta bai cika wuce mita 1 zuwa 2 ba, kuma dokar farko a wannan sana'a ita ce ka matso kusa.

Akwai kuma wata matsalar. Ruwa cike yake da ƙananan ɓurɓushi na yashi da laka da ƙwayoyin halittu. Idan fitilar tana manne da kyamara, haskenta yakan bugi ɓurɓushin da ke gabanta ya dawo kai tsaye, sai hoton ya cika da ɗige-ɗigen fari. Duk direban da ya taɓa kunna babbar fitila cikin hazon hunturu a hanyar Gombe zuwa Dukku ya san wannan, domin maimakon ya ga hanya, farin bango yake gani. Dabarar da masu hoton suka yi ita ce su ɗora fitilu biyu a kan dogayen hannuwa, ɗaya dama ɗaya hagu, yadda hasken zai zo wa kifin daga gefe. Abin da ya rage na ɗige-ɗige da rinjayen shuɗi, shi ake kai wa kwamfuta.

Ba Yau Aka Fara Ba

An daɗe ana wannan fama. A shekarar 1856 wani Bature mai suna William Thompson ya saukar da kyamara cikin akwati a gaɓar Weymouth ta ƙasar Ingila, ya samu wani dusu-dusun hoto da ake ɗauka shi ne na farko a ƙarƙashin ruwa. A 1893 wani masanin halittun ruwa ɗan Faransa, Louis Boutan, ya fara sauka da kansa da kyamara a Banyuls, inda hoto ɗaya kan ci har kusan rabin awa saboda ƙarancin haske. Wannan ne ya sa ya koma ga ƙona garin magniziyam a cikin ƙoƙon gilashi domin ya samu walƙiya. A 1926 William Longley da Charles Martin suka ɗauki hotunan kifi masu launi a Dry Tortugas ta jihar Fulorida a Amurka, ta hanyar tayar da garin magniziyam a kan wani ɗan kwale-kwale da ke saman ruwa, mujallar National Geographic kuma ta buga su a Janairun 1927. Bayan da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi ta masu nutso a 1943, sai ga kyamarar Nikonos ta kamfanin Nikon a 1963, sana'ar ta buɗe wa mutane da yawa.

Abin lura a duk wannan tarihi shi ne, wahalar da suka sha ta neman ainihin launin abin da ke cikin ruwa ce. Har a 2019, lokacin da Derya Akkaynak da Tali Treibitz suka fito da manhajar Sea-thru, manufar ba ta canza ba. Manhajar tana lissafa nisan kowane abu daga kyamara da yawan hasken da ruwa ya shanye a wannan nisa, sannan ta mayar da shi daidai gwargwado, domin masu bincike su iya gane lafiyar halittun teku daga launinsu. Haka nan da yawa daga cikin gasannin hoton ƙarƙashin ruwa suna yarda a daidaita launi a share ɗige-ɗige, amma ba sa yarda a ƙara kifin da babu shi, kuma sukan nemi a kawo ɗanyen hoton kamar yadda ya fito daga kyamara domin a gwada. To ga ma'aunin da nake nema: abin da ruwa ya sace a mayar da shi, abin da babu shi tun asali kada a ƙirƙiro shi.

Ruwanmu Na Gida

Wani zai ce ina ruwanmu da teku, mu da muke nesa da Legas da ɗaruruwan kilomitoci? Amsa ita ce mu ma muna da ruwa, kuma wayoyin da ba sa jin ruwa da jakunkunan roba na saka waya sun riga sun shigo hannun matasanmu. A maƙwabciyarmu jihar Bauci akwai ruwan Wikki a dajin Yankari, wanda yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin kimanin digiri 31 rani da damina, garai-garai har kana ganin yashin ƙasansa. A irin wannan wuri mai haske, marar zurfi, mutum zai iya samun hoto mai kyau ko babu fitila.

Dam ɗin Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola kuwa, da na Balanga, labarinsu daban ne. Ruwan kogunanmu yana ɗauke da laka, musamman da damina, kuma laka da ruɓaɓɓen ganye suna rinjayar da launin ruwa zuwa ruwan ƙasa ko kore. Haka ma kogin Matan Fada na Argungu, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Hotunan da muka saba gani na bikin duk na saman ruwa ne, dubban masunta da gora da homa, sai kuma giwan ruwa a kan sikeli. Gwanintar masuncin da ya nutsa yana lalube a cikin duhun laka, ita ce ɓangaren da ya fi wahalar ɗauka, kuma ina fatan wata rana ɗan ƙasarmu ne zai ɗauko mana ita.

To amma a ce ya ɗauko, sai ya zauna gaban kwamfuta ya mayar da ruwan Matan Fada ko na Dadin Kowa shuɗi kamar tekun da ake gani a talabijin, wai don ya fi kyau. Wannan ya tashi daga gyara, domin ruwanmu bai taɓa zama shuɗi ba balle a ce an mayar masa da abin da ya rasa. Bugu da ƙari, wannan launin laka shaida ce. Mu mutanen Gombe mun san yadda zaizayar ƙasa take cin unguwanni da gonaki, kuma ƙasar da ruwan sama ya kwashe a ƙarshe cikin rafuka da madatsun ruwa take zama. Wanda ya goge launin laka daga hoto ya goge hujjar da jikokinmu za su ga halin da ƙasarmu ta shiga.

Mu Dawo Kan Tudu

Yanzu bari mu ɗauki wannan ma'auni mu auna hoton amaryarmu. Adalci ne a fara da cewa masu hotonmu suna da hujja ta gaskiya, domin kyamara ma takan yi wa baƙar fata sata irin ta ruwa. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake daidaita injin wanki. Ma'ana farar fata ce ma'auni, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Wannan na cikin dalilan da suka sa a tsofaffin hotunan iyayenmu wani lokaci idanu da haƙora kaɗai ake gani. Har gobe idan amarya ta sa fararen kaya, kyamara takan rage haske saboda farin, sai fuskarta ta yi duhun da ba nata ba. Idan kuma aka watsa mata filas kai tsaye a zauren biki, goshi da hanci su yi ƙyalli, sauran fuskar ta dushe. Wayoyin Tecno ma sun samu karɓuwa a Afirka ne, a wani ɓangare, saboda kamfanin ya daidaita kyamarorinsu da baƙar fata.

Saboda haka mai hoton da ya ɗaga hasken fuskar amarya har ta dawo launin da mahaifiyarta ta san ta da shi, ya yi aikin da mai nutso yake yi wa jan kifi, kuma ya cancanci yabo. Wanda ya fi shi ma shi ne wanda ya koyi sarrafa fitila tun farko, ya karkatar da ita ga silin ko bango domin hasken ya sauko a hankali, yadda aikin kwamfuta zai ragu. Amma wanda ya wuce launinta na asali ya ci gaba da ƙara fari, ya rage faɗin hanci, ya share zane, wannan ya mayar da Dadin Kowa shuɗi. Gwajin mai sauƙi ne: a ajiye hoton kusa da bayan hannun mai shi da rana tsaka.

Hujja ta biyu da nake ji ita ce, ai kwalliya ce, kuma mace da kwalliya aka san ta. Gaskiya ne. Lalle da kwalli da jan baki da hoda duk ado ne, babu mai cewa ƙarya ne. A shagunan hoto na da ma akan rataya labule mai zanen bene ko jirgin sama, a ajiye furen roba da tarho marar waya. Shahararren mai hoton nan na Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yakan ara wa mutane rediyo ko babur su tsaya kusa da shi. Bambancin shi ne kowa ya san labulen labule ne, kuma lalle yana jikin mai shi, ana ganin sa a hoto ana kuma ganin sa a zaure. Ado yana zama ado ne idan mai kallo ya san ado ne. Da zarar an shirya shi don mai kallo ya ɗauka haka aka halicci mutum, ya koma yaudara.

Hujja ta uku ita ce ta ciki: mai hoto ya ce idan bai haska ba, gobe wurin maƙwabcinsa za a tafi. Wannan ma ban raina ta ba, domin kowa abincinsa yake nema. Sai dai tana nuna cewa laifin namu ne gaba ɗaya, da mai ɗauka da wanda aka ɗauka da mu masu yabawa.

Me Ake Asara?

Da farko ana asarar kunyar ido da amana. A yau sau da yawa ta hoton waya ake fara neman aure, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da aka haɗu ido da ido sai zance ya lalace, a bar yarinya da baƙin ciki kan laifin da manhaja ta yi. Mai sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp ta ƙara wa kayanta launi, mai saye ya buɗe ƙunshi ya ga wani abu daban. Addininmu da al'adarmu duk sun hana algus a ciniki, kuma ban ga bambanci tsakanin zuba wa madara ruwa da zuba wa hoton kaya launin da ba nasu ba.

Na biyu, kuma wanda ya fi damuna, shi ne abin da ƙannenmu mata suke koyo. Yarinyar da ta tashi tana ganin duk amaryar unguwarsu fara take fitowa a hoto, za ta ɗauka cewa baƙar fata aibi ce da ake gogewa. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya nuna cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man bilicin, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, saboda sinadaran da ke cikin wasu mayukan suna lalata fata da ƙoda. Hoto ba shi kaɗai ne sila ba, amma yana hura wutar, domin wadda ta saba ganin kanta fara a waya wata rana za ta nemi madubi ma ya nuna mata hakan.

Na uku, ana asarar hoto a matsayin shaida. Manyan gidajen jarida ma sun faɗa wannan rami. A Fabrairun 1982 National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya shiga bangon mujalla, ta sha suka. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar hotonta saboda ya haɗa hotuna biyu na yaƙin Iraƙi ya mayar da su ɗaya. A 2015 gasar World Press Photo ta fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an taɓa su fiye da ƙima. Manhajar Photoshop ta fito ne a 1990, yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira da ke iya zana taron da ba a yi ba da rijiyar da ba a haƙa ba. Idan muka saba da ƙaramar ƙarya a hoton biki, da wane ido za mu gane babba a lokacin zaɓe?

Aikin Ɗalibin Harshe

A nan ne maganar ta zo kanmu. Ni da na koyi Hausa bayan harshen gidanmu, na daɗe ina sha'awar yadda Bahaushe yake auna launi da ruwa: ruwan goro, ruwan toka, ruwan hoda, ruwan ƙasa, ruwan ƙwai. Hatta launin fata ya samo masa suna daga kifi, ya ce wankan tarwaɗa. Harshen da yake da wannan ƙwarewa wajen bambance launi bai kamata ya gaza bambance ayyukan da ake yi wa launi ba. Magabatanmu da hoto ya zo musu ba su tsaya kallo ba, sun ce "wanke hoto", sun ce "dodon hoto", sun ce "hoto mai motsi". Kalmar "gyara" kuwa ta yi faɗi da yawa, ana gyaran mota, ana gyaran amarya, mai awo ma yana ba da gyara.

Shawarata ita ce mu riƙa raba aikin gida uku a rubuce-rubucenmu da fassararmu. Mu ce "daidaita hoto" idan an mayar da haske ko launin da ruwa ko duhu ko kyamara suka sace. Mu ce "ƙawata hoto" idan an yi ado wanda kowa ya san ado ne, kamar fure a gefe ko rubutun fatan alheri. Mu ce "jirkita hoto" idan an canza siffar mutum ko wuri ko abin da ya faru domin mai kallo ya gaskata. Ban ce waɗannan kalmomi su ne ƙarshen magana ba, malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai za su iya kawo waɗanda suka fi su. Abin da nake so shi ne idan abokin ciniki ya shiga shagon hoto a Herwagana ko Jekadafari ko Pantami, mai hoto ya iya tambayarsa, "Daidaitawa kake so ko jirkitawa?" Mutane da yawa da ke neman a haska su za su yi nauyin baki idan aka kira abin da sunansa.

Ina kuma kira ga masu hotonmu da su riƙa ajiye ɗanyen hoto su ba mai shi tare da wanda aka taɓa, su kuma ba da lokaci wajen koyon sarrafa haske a kan baƙar fata, domin nan ne gwaninta take. Mu kuma masu wannan mujalla, ya dace mu sa wa kanmu doka cewa duk hoton da za mu buga na taro ko na mutum, daidaitawa kaɗai za a yi masa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa mu gode wa halittar da ya yi mana, ya kuma ba mu ikon faɗin gaskiya da baki da alƙalami da kyamara, amin.